Kabad Mai Ƙofar Gilashi

Litinin, uku ga wata

Zuwa ga 'Yar Baba,

Gaisuwa mai yawa daga mahaifinki, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da baƙon da Allah ya kawo mana. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagu da kika sani, da kunnen nan da injin yankan katako ya cinye. Shi ya sa na ce ki daina wahalar kirana a waya. Kina magana ina cewa "na'am," alhali rabin zancen ya wuce ni. Takarda kuwa ba ta gudu. In ban gane ba sai in sake bi.

Direba ya miƙo mini wasiƙarki ina bakin ƙofa ina gyara ƙafar benci. Da na kai inda kika rubuta "namiji ne, kuma muna lafiya," sai na ajiye guduma na miƙe tsaye, ban san inda zan nufa ba. Na shiga ɗaki, na fito, na sake shiga. Maƙwabcina Mai Walda ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Kafinta, me ka ɓatar?" Na ce, "Ban ɓatar ba, samu na yi." Na karanta masa layin har sau uku. Ya ce, "To ka rage wa takardar tawada, kar ka cinye ta da ido."

Ran nan na gode wa Allah da ya sa na jure ajin yamma, da furfurata ina bin baƙaƙe da yatsa. Da ban jure ba, da wani ne zai riga ni sanin an yi mini jika.

Ki shafa mini kan abokina. Ki gaya masa ya yi sauri ya girma, akwai ƙaramar guduma tana jiransa.

Kayan da kika aiko sun iso ba wanda ya fashe: tukunyar lantarki, da butar lantarki, da injin markaɗe, da kyamarar nan mai tofo hoto nan take. Allah ya yi miki albarka. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, dalili ne ya sa. Da na buɗe kwalayen na ga kyawun kayan, sai na dubi kicin ɗinmu na ji kunya. Teburin ya tsufa, bango ya sha hayaƙi. Kaya irin waɗannan ba a yasar da su a ko'ina. Na ciro katakon nan mai jan ciki da na ɓoye shekara bakwai ina jiran aikin da ya cancance shi, na yi musu kabad. Kwana tara na yi a kansa. Hawa uku ne, kowane kaya da ɗakinsa daidai awonsa, ƙofa ta gilashi, ba ƙusa ko ɗaya da ido zai gani. Mai Walda ya zagaya shi sau biyu ya ce ko a shagon masu kuɗi bai ga irinsa ba, kuma kin san bakinsa bai saba yabo ba.

Kin ce in ɗauko miki hotuna ki ga yadda nake zaune tun rasuwar mahaifiyarki. Ga guda uku nan a cikin ambulan: kabad ta gaba, kabad ta gefe, da kabad a buɗe. Ki duba ki ga ko ƙura ba ta taɓa kayanki ba. Takardun hoton ashirin ne, saura goma sha shida, don na farko rufin ɗaki na ɗauka ban sani ba.

Ki gaishe da mijinki.

Mahaifinki mai farin ciki

*

Asabar, goma sha biyar ga wata

Baba,

Ina gaishe ka da kyau, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Abokinka yana nan ƙalau, yana ci yana kuka. Goshinka ne sak ya ɗauko.

Kabad ya yi kyau, Baba, ban taɓa shakkar hannunka ba. Amma na zauna da hotunan nan na fi awa ɗaya ina kallo, kuma hankalina bai kwanta ba. Tukunyar tana cikin ledarta. Wayar butar tana naɗe da ɗaurin da ta zo da shi daga kamfani. A hoton da kabad yake buɗe na duba bayansa, babu ko huda ɗaya da waya za ta fita ta kai soket. Ke nan ba ka yi shi don a yi amfani da kayan ba. A gefen hoto na biyu kuma na hango murhun Mama, da tukunya a kife a kai, ga yanar gizo-gizo a hannunta.

Baba, me kake ci?

Hotonka na roƙa, ka aiko mini na katako. Me ya sa ba ka cikin ko ɗaya? Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san yadda tsofaffi ke ɓoye rama.

Na yi magana da Kawu. Ya ce ranar goma ga watan gobe zai zo da motarsa ya ɗauko ka, a kulle gidan, ka dawo wurinmu gaba ɗaya. Akwai ɗaki. Kada ka ce a'a, don Allah. Na rasa Mama ina nesa, ba zan zauna in jira a aiko mini irin wancan labarin ba.

'Yarka

*

Alhamis, ashirin ga wata

'Yar Baba,

Bayan gaisuwa, ina fatan ke da abokina kuna lafiya. Ni ma lafiya, kuma wannan karon zan faɗi kalmar da hujja.

Wasiƙarki ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Daga baya na ɗauko fitila na leƙa bayan kabad. Gaskiyarki. Shekara arba'in ina aikin katako, ban taɓa yin kabad ɗin da za a huda bayansa ba, don a wurinmu huda a baya aibi ne, alamar katako mai gara. Ko sau ɗaya wayar ba ta faɗo mini a rai ba. Ni abin da na so ki gani shi ne na girmama kyautarki. Ke kuma kika ga tsoho mai kwana da yunwa.

Kin tambayi abin da nake ci. Shayi da burodi da safe a bakin titi, da rana abin da matar Mai Walda ta miƙo ta kan katanga, da yamma abin da ya samu. Ban taɓa kunna murhun mahaifiyarki ba tun da ta tafi. Ba don ban iya kunna ashana ba. In na tsaya a wurin sai in tuna da ita, in juya in fita. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba.

Amma batun kulle gida, ki saurare ni. Ni na kafa kowace ƙofa da kowace taga a gidan nan da hannuna. A nan aka haife ki, a nan mahaifiyarki ta cika. Ba zan bari a naɗe ni a bayan motar Kawunki kamar tsohuwar katifa ba. Ki ba ni zuwa ranar goma ɗin da kuka yanka. In ban aiko miki shaidar ina dafa abincina da kaina ba, ni zan buɗe masa ƙofar motar.

Na riga na fara. Jiya na juya kabad na huda shi wuri uku. Sai da na rufe ido kafin in fara ta farko. Mai Walda yana tsaye yana cewa, "Huda mana, Kafinta, ba jini zai fito ba."

Buta ba ta ba ni wahala ba. A zuba ruwa, a danna, ta yi ƙara, ta kashe kanta. Na daɗe ban ga ma'aikaci mai ladabi irinta ba.

Injin markaɗe ne muka yi rigima da shi. Na karanta takardarsa layi-layi, amma rubutun ƙanana ne kamar ƙwan kwarkwata. Na zuba tumatir da albasa. Na ce bari in bar murfin a buɗe in ga yadda yake aiki, don ni ban yarda da injin da ban ga haƙoransa suna juyawa ba. Na danna. 'Yar Baba, tumatir ya kai rufin ɗaki. Ya wanke gilashin kabad, ya wanke gemuna, har cikin aljihun riga na tarar da albasa. Mai Walda ya shigo da gudu ya tsaya yana kallona, ya ce, "Wa ya sare ka?" Na ce, "Miya nake yi." Ya ce, "A jikinka za ka dafa ta?" Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Na bar shi ya gama, sannan na miƙa masa tsumma.

Yau na sake, da murfi. Ya markaɗu lukui.

Tukunyar lantarki gobe. Shinkafa za mu fara gwadawa. Kada ki ce wa Kawunki komai tukuna, ki dai bar maganar yadda take. Ni na san abin da nake yi.

Ki sumbaci goshin nan nawa da ke kan abokina.

Mahaifinki

*

Lahadi, talatin ga wata

'Yar Baba,

Ina gaishe ki. Kwana goma ke nan da na aika miki takarda, kullum direba ya tsaya sai in fita, sai ya girgiza mini kai. Ina fatan lafiya ce ta hana ki rubutu ba akasinta ba. In fushi kike yi da ni, ki yi shi a rubuce, ya fi mini sauƙi.

Ga rahoton aiki. Shinkafar farko ta zama kunu, ta biyu ta zama tsakuwa. A ta uku na tuna cewa komai awo ne. Na samo ƙaramin kofi na yi masa zane da wuƙa, na rubuta a jikin bango da fensirin aiki: shinkafa ɗaya, ruwa biyu saura kaɗan. Tun daga nan ba ta ƙara ba ni kunya ba. Na dafa wake, na dafa ƙwai, na dafa dankali da miyar tumatir. Shekaranjiya ni na miƙa wa matar Mai Walda kwano ta kan katanga. Ta ɗanɗana ta ce gishiri ya yi kaɗan, amma kwanon a wanke ya dawo.

Saura hotona. A nan ne na sha wuya. Na ba Mai Walda kyamara, ya ɗauko ni ba kai. Ya sake, ya ɗauko yatsansa. Na karɓe abata kafin ya ƙarar mini da takardu. Na koma ga littafin kyamarar, na gano akwai wani maɓalli da in ka danna sai ta ƙirga goma kafin ta ɗauka. Na yi mata ƙafa uku da ragowar katako, na kafa ta a ƙofar kicin, na ajiye kujera da kwanon abinci. Daga kyamara zuwa kujera taku bakwai ne. Mai ƙafa biyu lafiyayyu ba zai ga abin magana a nan ba. Ni da gwiwar nan, na farko bayana ta ɗauka. Na biyu ina rabin zama, baki buɗe. Na uku na zauna daidai amma na bar hannuna a kan gwiwa fuska a murtuke, kamar wanda aka yi wa sata. Sai na zauna na yi tunani, na ga ba gudu ne zai fisshe ni ba. Na matso da kujerar taku uku.

Ga shi nan. Ki duba da kyau. Tururi yana tashi daga tukunya, wayarta tana cikin soket, cokali yana hannuna. Na rame, ba zan yi miki gardama ba, rigar ma ta nuna. Na yi tunanin in sa riga biyu, na fasa. Ki gan ni yadda nake. Amma ramar bara ce, ba ta wannan wata ba. Ramin bel ɗina ɗaya ya dawo.

Saura kwana goma Kawunki ya zo. Ina jiran hukuncinki.

Mahaifinki

*

Laraba, uku ga wata

Baba,

Ina gaishe ka, ka gafarce ni. Ba fushi nake ba. Wasiƙunka biyu duk sun zo, na karanta ta injin markaɗe na yi dariya har abokinka ya farka. Lokacin zama in rubuta ne ban samu ba.

Ka ci nasara. Na ga hoton, na ga tururin, na ga idonka. Na kira Kawu na ce ya bar tafiyar. Ka zauna a gidanka, Baba, ba zan ƙara tayar da maganar ba. Ka ci gaba da cin abinci kawai.

Mu muna nan lafiya. An tura baban yaron wurin aikin hanya tun sati biyu da haihuwa, sai bayan wata huɗu. Hutuna zai ƙare ƙarshen watan nan. Za mu san yadda za mu yi, kada ka damu.

Ga hoton abokinka, ni na ɗauka a falo.

'Yarka

*

Asabar, shida ga wata

'Yar Baba,

Gaisuwa da sa albarka. Lafiyata ƙalau, yau ma wake na ci.

Na ga abokina. Ban san yadda zan rubuta miki wannan ba, malamar ajin yamma ba ta koya mana kalmominsa ba. Na fita da hoton na nuna wa duk wanda ya wuce ta layinmu, har da mai karanta mitar wuta. Mai Walda ya ce, "Goshin dai naka ne, Allah ya sa hankalin na uwarsa ne." Na ce amin.

Da na dawo ɗaki sai na sa tabarau na yi wa hoton irin kallon da kika yi wa nawa. Ke kika koya mini a duba gefe.

Yaron a kan kujerar falo yake kwance, an tare shi da matashi biyu. A bayansa, jingine da bango, akwai dogon kwali da zanen gadon jariri a jikinsa. Igiyar roba da aka ɗaure shi da ita tana nan ba a yanke ba. Yaro ya kusa wata biyu, gadonsa yana cikin kwali. Sandar labulen tagarki ta ɓalle ta gefe ɗaya, an ɗaure ta da ɗankwali. A kan tebur kofi ɗaya ne da faranti ɗaya, da burodi da aka gutsura aka bari. Hannunki ya shigo ta ƙasan hoton, kina riƙe da ƙafarsa. Agogonki ya zame har kusan tsakiyar hannu.

To ni ma in tambaya. Me kike ci?

Na koma na ɗauko wasiƙarki ta goma sha biyar ga watan jiya, wadda ta ɓata mini rai. Duk abin da na gani a cikinta ran nan shi ne za a kulle mini gida. Yanzu na ga wurin da kika rubuta "akwai ɗaki," kuma na lissafa kwanakin. Lokacin da kika rubuta haka mijinki ya riga ya tafi. Ke kaɗai ce da jariri a gari mai nisa, ba uwa, ba 'yar'uwa. Ni kuwa ina nan ina kokawa da tumatir don in nuna miki ba na bukatar kowa. Ban tambaye ki ko sau ɗaya ba ko ke kina bukata. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Ga abin da na yanke, kuma ba shawara nake nema ba. Ranar Alhamis zan hau motar safe. Ba Kawunki ne zai ɗauko ni ba, ni zan zo da ƙafata, da gwiwar da komai. Gida ba za a kulle shi ba. Na ba Mai Walda mabuɗi, zai riƙa buɗe tagogi yana share tsakar gida. Ya ce in na wuce wata huɗu zai sa haya. Na ce in ya taɓa mini kabad sai na dawo na walde masa ƙofa da shi a ciki. Wata huɗu zan yi, ranar da mijinki ya dawo in ba shi hannu in kama hanya.

Zan taho da akwatin aikina da tukunyar lantarki. Kada ki bari kowa ya taɓa kwalin nan. Gadon jikana ba za a ba wani ya ɗaura shi a karkace ina raye ba. In kin koma aiki, ni da abokina za mu riƙe gida. Ban iya wankan jariri ba, amma wata ɗaya da ya wuce shinkafa ma ban iya ba. Ki nuna mini sau biyu, ki bar ni da awo. Kukansa kuma ba zai dame ni ba, ga amfanin kunnen da ya mutu. In kin dawo daga asibiti za ki tarar da abinci da zafinsa, ki ci ki kwanta.

Motar tana isowa wajen la'asar. Kada ki fito tarata da yaro cikin rana, na rubuta adireshin a takarda kuma na iya karantawa.

Mahaifinki

*

Litinin, takwas ga wata

Baba,

Ina gaishe ka. Na ba direba wannan da hannuna don ta riske ka kafin ka taso.

Sau huɗu na fara rubuta maka "ka zo ka taimake ni," ina yagawa. Ban san yadda 'ya take faɗa wa ubanta haka ba.

Na share ɗakin. Ka zo, Baba.

'Yarka